Kaskon Wuta a Cikin Tumatir

Lokacin da rediyo ke ta kiran kowa ya noma abincinsa, ni ma na dasa tumatir a bayan gidanmu na Daɗin Kowa. Na cika wa maƙwabta baki cewa bana matata Ladi ta gama sayen kayan miya.

Sai sanyin Jos ya sauko, irin wanda ruwan randa ke kashe haƙori. Da magariba na ga ganyen ya yi laushi, na yi nazari mai zurfi, na gano cewa abin da ke damun mutum shi ke damun shuka. Na ɗauko kaskon garwashin da muke ɗumama ɗaki, na girke shi a tsakiyar tumatirin, na kafa sanduna, na lulluɓe da bargonmu.

"Maigida, mu kuma fa?" in ji Ladi.

"Ku ai kuna iya juyi," na ce. "Su fa?"

Muka kwana muna rawar ɗari. Da safe, da kaina na kirawo maƙwabcina Baba Dung ya zo ya ga fasaha. Na yaye bargon, wanda wuta ta riga ta huda. Tumatir ya dahu, ya kwanta liƙis. A gindin kaskon kuwa, wata bushiya ce ta dunƙule tana sharar barci.

Baba Dung ya tsuguna, ya daɗe yana kallonta. "Oga, baƙuwarka dai ta ji daɗi."

Har yau da zarar sanyi ya kama, sai Ladi ta leƙo: "Maigida, mu za a ba wutar, ko bushiya ta riga mu kama ɗaki?"