Sojan da Ke Neman Ilyasu

Ko da tsufa zai sa in riƙa manta inda na ajiye tabarau, akwai wata Juma'a da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa, wani lokacin ina tuƙi a titin Gate City Boulevard a nan Amurka sai in tsinci kaina ina cewa “wayyo ni” ni kaɗai a mota.

Bari in fara daga suna, don daga nan abin ya samo asali. Ɗana na fari sunan surukina ya ci, marigayi Malam Ilyasu, shi ya sa a gida Abba muke ce masa. Ga ɗan fari, ga sunan suruki, kunya biyu ke nan, don haka tun ranar suna wannan sunan bai taɓa fita daga bakina ba. (Ko asibiti muka je, katinsa nake miƙa musu in nuna da yatsa, su karanta abinsu.) A kunnena, Ilyasu tsohon nan ne da muka binne a Kano, ba yaron da ke cinye min burodi ba.

Abba yana ajin ƙarshe na sakandare, saura kaɗan ya cika sha takwas, aka fara kiran wayata. Kullum bayan la'asar, ina shigowa daga gidan kula da tsofaffin da nake aiki. In na ɗaga sai in ji shiru, dogon shiru, kamar mutum yana tsaye a bayan labule yana jira. Can sai muryar namiji ta fito a hankali, da Turanci: “Barka da yamma. Zan iya magana da Ilyasu?”

Abin da ya fara tayar min da tsigar jiki shi ne yadda ya faɗi sunan. Mutanen ƙasar nan ba su taɓa faɗinsa daidai ba, sai sun karya shi gida uku. Wannan kuwa ya faɗe shi tsaf, kamar wanda ya tashi a Fagge. Ya ce shi saja ne, daga ofishin ɗaukar sojoji yake kira. Ya san ajin yaron, ya san yana buga ƙwallo, ya san kansa yana ja a lissafi. Na ce ba ya nan, na kashe. Na toshe lambar. Kwana biyu sai ga wata lamba, shirun nan dai, muryar nan dai. Ranar da ba a kira ba ma sai in zauna ina kallon wayar a kan tebur, ina jin kamar ita ma kallona take.

Kada ku ce tsoron banza ne gaba ɗaya. Ƙanin babana mota ya hau da kaki lokacin yaƙin basasa, bai dawo ba, ba a kuma kawo gawa ba. Na taso ina ganin kakata tana rufe tuwo a kwano tana ajiyewa a gefe, ko zai shigo da yunwa. Ni kuma na tsallako teku da ɗa namiji guda ɗaya tal, in zo in zauna ina rufe tuwo? Ina!

Ana cikin haka aka turo wani saƙon murya a gurup ɗinmu na matan Hausawan Greensboro. Ba wanda ya san mai maganar, amma muryarsa irin ta masu sanarwar jana'iza ce. Ya ce yaƙi na tafe, za a dawo da ɗaukar soja na dole, kuma da ’ya’yan baƙi za a fara. Ya ce duk yaron da ya kai sha takwas sunansa yana hannun gwamnati, in kin ji an fara kira, to an zo kanki. Na kira Baban Abba, wanda direban tirela ne, lokacin yana can wata jiha da kaya.

“Ke dai kin cika ɗaukar zance,” in ji shi. “Talla ce kawai, kamar masu inshorar mota. A makaranta suke samun lamba. Ba wanda ake ɗauka dole yanzu, rajista ce kawai ake yi.”

“In ba za a ɗauka ba, rajistar ta mece ce?”

“Hajiya, ina kan haiwe. Ki bari in tsaya.”

(Bai tsaya ba. Ni ma ban tsaya ba.)

Ranar Alhamis wayar ta sake ƙara. Shiru, sannan muryar: “Zan iya magana da Ilyasu?” Ban shirya komai ba, wallahi. Bakina ne kawai ya buɗe da kansa, na ji shi yana cewa da Turanci, “Ya rasu.”

Wannan karon shirun ya fi na kullum tsawo. Sai ya ce, da wata murya da ta sauka ƙasa, “Ki yi haƙuri, madam. Ban sani ba. Ki yi haƙuri ƙwarai.” Ya ajiye.

Nan take na yi wa kaina fatawa. Ilyasu ya tambaya, ko ba haka ba? Ilyasu kuwa ya rasu, ni na dafa abincin sadakar bakwai. Ina ƙaryar take? Har wani daɗi na ji, na ce yau na yi wa gwamnatin Amurka wayo. Sai da na ga Abba ya fito daga wanka yana goge kai yana tambayata ko akwai sauran shinkafa, sannan na gane abin da bakina ya faɗa. Mu da muka taso ana ja mana kunne a kan bakin uwa, ko da wasa kada ki faɗi mugun abu a kan ɗanki. Na yi ta istigfari ina zuba masa abinci har ya ce, “Mama, it's too much.”

Sai kuma wani tunanin ya zo. In sojan ya je makaranta gobe ya gan shi yana yawo da rai fa? Don haka da safe na ce wa Abba na yi mummunan mafarki, yau ba makaranta. Na karɓe wayarsa na jefa a jakata don kada su biyo ta can. Na ce, “Ko wa ya buga ƙofar nan, ko da kuka yake, kada ka buɗe, kada ka amsa. Ka ji ni?” Yaron da aka ce ya kwana gida ranar makaranta, me zai ce? Ya ce to. Na tafi aiki, na kulle wayoyin biyu a loka kamar yadda dokar wurin ta ce.

Abin da ya faru a bayana daga baya na haɗa shi. Ashe ranar sajan yana da teburin tallar aikin soja a ɗakin cin abinci na makarantar. Ya ga malamar da ke ba ɗalibai shawara, ya yi mata ta'aziyyar ɗalibinsu. Ta ce wane ɗalibi? Ya faɗi sunan. Aka duba, yau bai zo ba. Aka kira ni, shiru. Aka kira babansa, yana barci a tirela. Abokansa suka kira shi, wayar tana ta ruri a cikin jakata. Duk wannan a kunnen Anti Rifkatu, wata ’yar Jos mai kirki da ke raba abinci a makarantar, wadda take cikin gurup ɗinmu. Tana kuka ta rubuta, ta tura.

Ni kuwa da na tashi aiki ko duba waya ban yi ba, Allah-Allah nake in isa gida. Ina shiga harabar gidajenmu na ga motoci sun cika wurin, har inda ba a ajiye mota. Na gane ta Hajiya Balaraba, babbar gurup ɗinmu, wadda daga unguwar Sedgefield take zuwa, kuma ba ta fita sai da dalili. Gari ya yi luf, hadari ya haɗu, ko tsuntsu ba ka ji. Na fara hawa bene sai na ga takalma, an jera su a kan matakala, na mata, ɗaya bayan ɗaya har sama. Sai ƙamshin turaren wuta. Sai karatu ƙasa-ƙasa.

A barandar ƙofata an shimfiɗa tabarmi. Mata zaune cikin hijabai, ga kuloli a jingine da bango. Suna ganina aka yi tsit. Hajiya Balaraba ta miƙe, ta kama hannuwana biyu, idonta jajir.

“Maman Abba, sai haƙuri. Allah ya jiƙan yaron nan. Mun yi ta bugu ba kowa, muka ce kina hospital wajen gawa.”

Ku saurara da kyau, don nan ne wautata ta kai ƙarshe. Ni da na ƙirƙiri mutuwar nan da bakina, ni na fi kowa yarda da ita. Ko kaɗan ban tuna da saja ba. Abin da ya zo min kawai shi ne: na faɗa, Allah ya karɓa. Na dubi ƙofar nan a rufe, ba motsi a bayanta. Na zube a kan tabarma na ƙwala ihun da ban san ina da shi ba. “Na kashe shi! Wayyo Allah, ni na kashe shi da bakina!” Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji.

Mata suka rirriƙe ni, kuka ya ɓarke. Anti Rifkatu tana cewa, “Kada ki faɗi haka, Mama, ba laifinki ba ne.” Ana cikin haka sai muka ji ƙarar makulli daga ciki. Ƙyas. Sai sarƙar ƙofa. Kowa ya daskare.

Ƙofar ta buɗe a hankali. Cikin gidan duhu, don na ce kada ya ɗaga labule. A tsakiyar duhun ga mutum dogo tsaye cikin farar jallabiya, fuska fayau.

Ban san Hajiya Balaraba tana iya gudu ba sai ranar. (Matar da ke cewa gwiwa ta hana ta sallah a tsaye.) Wata ta yi ta jan a'uzubillahi, wata ta haye kan kular shinkafa, Anti Rifkatu ta kira sunan Yesu da ƙarfin da har maƙwabta suka leƙo.

“Mama,” in ji fatalwar, “who died? Tun ɗazu nake jin kuka da karatu. Kin ce kar in buɗe.”

Na rarrafa na kama ƙafarsa. Da ɗumi. Na shafa fuskarsa, na ja kunnensa, na rungume shi ina kuka ina dariya. Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ikon Allah. Amma da na juyo, sai na ga mutum biyu sun ƙaraso saman bene, sun tsallako takalma: malamar makaranta riƙe da furanni, da wani baƙin Ba'amurke cikin kaki, hularsa a hannu. Bai buɗe baki ba na san muryar da ke ciki.

Ya dubi Abba, ya dube ni. Ya ce, “Ilyasu?”

Abba ya ce, “Yes, sir.”

Matan da suka gudu duk sun dawo sun yi cirko-cirko a matakala. Hajiya Balaraba tana haki ta ce, “To wai wa ya ce ya mutu?” Anti Rifkatu ta nuna malama. Malama ta nuna saja. Saja, bawan Allah, bai nuna kowa ba, ya dai sunkuyar da kai. Sai da na gwammace ya nuna ni.

Haka na tsaya a gaban matan gari, da kayan aiki a jikina da majina a fuska, na yi bayani da Hausa, na sake da Turanci. Har fatawar tawa na kawo, wai ai kakansa nake nufi. Ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta ce, “Maman Abba, labarin nan fa ya riga ya kai Kano.” Ya kai kuwa. A daren sai da Abba ya yi wa dangi magana ta bidiyo ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga hannu don su ga yana motsi. Abin da babansa ya faɗa min da ya farka ya ga saƙonni, wannan ba na rubutawa ba ne.

Tun da abinci ya riga ya zo, aka zauna aka ci. Sajan ma aka zuba masa shinkafar makokin. Ya ce min cikin ladabi ba wanda zai ɗauki ɗana dole, kuma da na ce kada a sake kira, da shi ke nan. Na tambaye shi inda ya koyi faɗin sunan haka. Ya ce ya taɓa zama ɗaki ɗaya da wani mai sunan, ɗan Najeriya, a wajen aiki. Na ce yana ina yanzu? Ya dubi farantinsa, ya ce shinkafar ta yi daɗi. Ban sake tambaya ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, kafin ranar Abba bai taɓa yi wa soja magana ba. Ni na kawo masa shi har ƙofar gida. Ina kallo suka tsaya a baranda suna hirar ƙwallo da kuɗin jami'a, yaron yana ta gyaɗa kai. Da mutumin ya tafi na ce, “Me ya ce maka?”

“Ba komai. He's nice.” Ya juyo ya dube ni. “Mama, da kin tambaye ni, da na faɗa miki ko ina so ko ba na so. Ba ki tambaya ba. Kin kashe ni kawai.”

“To yanzu na tambaya. Kana so?”

“Da ban taɓa tunani ba,” in ji shi. “Yanzu ina tunani.”

Har yau bai ba ni amsa ba, ni kuma na koyi rufe baki, ina addu'a a ciki. Samarin masallaci Marigayi suke ce masa, yana amsawa. Ni kuwa ko suna aka yi a garin nan, ina shiga sai wata ta ce, “Maman Abba, ya mai jiki? Yana nan da rai dai?”

Don haka ’yan uwana mata, in baƙuwar lamba ta kira tana neman ɗanki, ki daure ki ce ba kya so, ki kuma tambayi yaron abin da ke ransa tun kafin wani ya riga ki. In kuma lallai sai kin kashe wani abu, waya ake kashewa, ba ɗa ba.