Tattakin Madina da Hawa Huɗu

A takardar neman shiga kwalejin likitanci akwai gurbin da mutum zai faɗi abin da yake sha'awa. Ni da ko shagon bakin layinmu a unguwar Hindawiyya sai na nemi mai rage min hanya, na zauna na rubuta cewa ina shirin tattaki daga Makka zuwa Madina a ƙasa. Da na maimaita karantawa, har ni kaina na burge ni.

Ranar ganawa lif ya lalace, ofishin kuma yana hawa na huɗu. Na shiga ina haki, rigata sharkaf da gumi. Shugaban masu tantancewar, wani dattijo siriri, ya duba takardata, sai fuskarsa ta washe. Ashe shi ya taɓa yin tafiyar.

"Masha Allah! Wace hanya za ka bi?"

Na ce, "Ta... ta titi, Dakta."

Ya kama wuyan hannuna, ya saurari bugun jinina, ya juya ga likitar da ke gefensa. "Ba shi ruwa, kada ya cika mana kafin ya fita Makka."

Sun dai ɗauke ni, ban san dalili ba. Matsalar ita ce likitar nan ƙawar yayata ce. Kafin na isa gida, labarin ya riga ni.

Har yau, ko kicin na miƙe zan shiga, sai Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Dakta. A gaishe mana da mutanen Madina."