Rasuwar Shuɗin Bahon Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki aka saba buɗe irin wannan sanarwa, ni ma da haka na buɗe, ko da yake na leƙa tawa zuciyar ban tarar da komai a ciki ba. A madadin mahaifinmu da duk mutanen gidanmu, ni babbar 'yarsa ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin ma'aikatan kamfanin roba rasuwar shuɗin bahonmu. Ya cika ranar Larabar makon jiya da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a kan simintin tsakar gida, kusa da famfo. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya, bayan gajeriyar jinya ta kwana uku wadda ni na jawo masa.

An haifi marigayi a inji na uku na tsohon kamfanin roba da ke bayan tashar jirgin ƙasa, ginin da yanzu aka mayar gidan tarihi. Ya fito da ɗuminsa ranar da aka fara gwada sabon ƙarfen zubi, kuma hannun da ya fara taɓa shi na Baba ne. Ga waɗanda ba su sani ba, Baba ya yi shekara ashirin da tara a ƙarshen layin injin nan, a kan kujera marar majingina, kuma aikinsa ɗaya ne. Duk bahon da inji ya tofo, sai ya kifa shi a gwiwa, ya ƙwanƙwasa gindinsa sau biyu da gaɓar yatsa, ya karkata kai ya saurara. In baho ya amsa da *dum*, sai ya tura shi dama ya ce, "Wannan zai daɗe." In ya amsa da *ƙwas*, to iska ta maƙale a cikin robar ko wani gefe ya yi siriri, sai ya ajiye shi a hagu bai ce uffan ba, a mayar da shi injin niƙa.

Marigayi ya amsa da *dum*. Manaja ya ce Baba ya tafi da shi gida tunda shi ne na fari, Baba kuwa ya ɗauro shi a bayan keke, lokacin Inna tana da cikina wata shida. Saboda haka ya girme ni da wata uku, kuma Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, takan ce in da ina da tarbiyya da Yaya nake kiransa.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai shaide shi da haƙuri. Mu biyar ya yi wa wanka, kuma ba wanda bai yi masa fitsari a ciki ba. Ya jiƙa wanki, ya tari yoyon ɗaki damina bayan damina, an kifa shi an zauna a kansa an yi kitso. Mun tashi daga gida sau uku, duka ukun shi ya ɗauki littattafanmu. Ƙanena, wanda yanzu direban babbar mota ne, ya taɓa shiga cikinsa ya ce jirgin ruwa ne a kwatar ƙofar gida, bahon bai nutse ba, ƙanen nawa ne ya sha duka. Lokacin jinyar Inna ta ƙarshe shi ne a ƙarƙashin gado, ya karɓi abin da ba a faɗa a sanarwa, bai taɓa tona asirin kowa ba. A bakinsa akwai tabon dutsen guga da na ɗora masa ina 'yar shekara tara. Kusa da mariƙinsa akwai tsagar da Baba ya like da wuƙa mai zafi da ɗan yankin wani jan bokiti, ta zama jan tabo mai kauri.

Ba mai yawan magana ba ne, amma mun san muryarsa. In an ja shi a siminti yakan ce *ƙurrr*, Inna ta ɗago daga ɗaki ta ce a ɗaga shi. In yana ƙarƙashin famfo muryarsa takan fara da kauri tana sirancewa, har daga cikin ɗaki mukan san lokacin kashe ruwa ya yi.

Shekara uku da suka wuce Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, magana ma ta bi shi. Sunana ya tafi, sunan Inna ya tafi, ko ruwa ba ya iya cewa a ba shi. Wata safiya na gama gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi a cikin marigayi, na zubar da ruwan, na ɗora bahon a cinyarsa don in goge ƙasa. Sai na ji *dum, dum*. Na juya na ga ya kifa shi da hannun hagu, ya karkata kai, sannan a hankali ya ce, "Wannan zai daɗe." Ya tura shi dama, na cafe kafin ya faɗi.

Tun daga ranar haka muke kowace safiya. Kalma uku, su ne duk muryar mahaifinmu a yini. Likita ya ce shi ma bai gane ba, amma kada mu daina. Ƙanena duk inda motarsa ta kwana yakan bugo waya ƙarfe bakwai, in kara wayar kusa da bakin Baba, ya ji, ya ce, "To madalla, Yaya," ya kashe.

Ga yadda ciwon ajali ya fara. Wata malama mai kula da kayan gidan tarihi ta zo gidanmu da littafin rubutu, tana neman tsofaffin ma'aikatan kamfanin. Ta gayyace ni na je na ga wurin. Sun jera mataji da kofuna da silifa da kujeru da bokitai, irin kayan da muka taso muna shuri da ƙafa, kowanne a cikin gilashi da katinsa, ana tafiya a hankali a gabansu. Inji na uku yana nan, an kewaye shi da igiya. Kusa da shi a cikin gilashi na ga ɗan uwan marigayi, ƙarfen zubi ɗaya, shekara ɗaya, shuɗi ɗaya, an tsinto shi a sito cikin ledarsa, bai taɓa ɗanɗana ruwa ba. Katinsa ya faɗi shekararsa da nauyinsa da ƙasar da aka ƙera injin. Ba a ambaci kowa ba.

Malama ta ce safiya ɗaya kawai take roƙo. A kawo Baba da bahonsa, a ɗauki hotonsu kusa da injin, a naɗi muryar bahon da ta Baba, a sa sunansa a kati. Na amsa tun kafin ta rufe baki, domin ina son in ga sunan nan a bango. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Don Allah, Yaya, kada ki wanke shi. Yadda yake ɗin nan nake son sa."

Na ɗauka kara ce take yi mini, irin ta baƙon da ke cewa kada a wahala dominsa. Goggo ma haka ta ɗauka. Malama na fita ta ce, "Ke yanzu da wannan dauɗar za ki kai shi gaban mutane? A ɗauki hoto, a rataya, duk wanda ya shigo ya ce gidan ƙazamai ne?"

Ba na ɗora wa Goggo laifi. Kafin ta yi magana na riga na tuna inda na ajiye soson ƙarfe. Ranar Litinin bayan Baba ya faɗi kalmominsa na ɗauki marigayi na shiga da shi aiki. Na sa garin sabulu, na sa ruwan nan mai ƙarfi na wanke farin kaya, na kwarara masa tafasasshen ruwa har tukunya biyu. Jan tabon ya tsaya mini a ido, na sa wuƙa na kankare shi har ya yi daidai da jikin bahon. Sannan na ɗora shi a kan kwanon rufi ya sha rana, don warin ya fita. Talata da Laraba da bokiti na gasa wa Baba ƙafa, na ce masa, "Baba, haƙuri, kwana biyu ne, ana yi masa kwalliya." Ya dube ni kawai.

Laraba da yamma na sauko da shi. Ya yi fes, shuɗinsa ya koɗe, ban taɓa ganinsa da tsabta haka ba. Na tara shi a famfo don in ɗauraye ƙura, ya kai rabi, na kama bakinsa na ɗaga. Ya ce *ɗas*. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe. Ya tsage daga inda jan tabon yake har tsakiyar gindinsa, ruwan ya zube a ƙafata. Na tsaya ina kallo har ruwan ya gama bin rariya, sannan na kashe famfo na je na ninke wanki. Ban yi kuka ba ranar, kuma har yau ina jira.

Da safe na kai wa Baba shi a yadda yake, domin ban san wata dabara ba. Ya kifa shi a gwiwa, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya karkata kai ya daɗe. Sannan ya sunkuya da ƙyar ya ajiye shi a hagun kujerarsa. Bai harare ni ba, bai ma dube ni ba. Aikinsa ya yi.

Mun sayo sababbi daga kasuwa, manya da ƙanana, shuɗaye da koraye, har goma sha ɗaya. Kowanne ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ajiye a hagu. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba a ji muryar Baba a gidan nan ba. Ƙanena bai daina bugowa ba. Ina kara wayar, mu yi shiru mu uku, can ya ce, "To, Yaya, sai gobe."

Da na bugo wa malama na gaya mata, sai ta ce, "Kin wanke shi." Ba tambaya ta yi ba. Ta ce tsohuwar roba kamar ƙashin tsoho take, ba ta son zafi, ba ta son gurza, kuma jan tabon nan shi ya riƙe bahon shekara ashirin. Na je ofishinta na roƙe ta ta ba ni na cikin gilashin in kai gida. Ta ce, "Wallahi ba nawa ba ne, Yaya. Ni kaina sai da safar hannu nake taɓa shi." Ban ji haushi ba. Na ce to a bar Baba ya ƙwanƙwasa shi sau ɗaya. Ta ce in sani shi ma shekararsa arba'in da ɗaya, zaman sito yana busar da roba, yana iya cewa *ƙwas*, yana ma iya fashewa a hannunsa, kuma in ya fashe ita za a tambaya. Na ce na sani. Ta shiga wurin shugabansu ta bar ni zaune kusan awa guda ina kallon mataji. Da ta fito ta ce an yarda, sau biyu, da hannu tsirara, kafin a buɗe wa jama'a.

Marigayi ya bar tsoho ɗaya, da 'ya'ya biyar da ya yi wa wanka, da jikoki tara da suka gaji wankan. Ya bar jan bokitin da aka yanko masa tabo, wanda har yanzu yake aiki da giɓinsa. Ya bar ɗan uwa guda a cikin gilashi, wanda ba su taɓa haɗuwa ba tun ranar haihuwa. Sababbin goma sha ɗayan nan ba danginsa ba ne, suna jere a hagun kujerar Baba, duk mai zuwa gaisuwa yana iya ɗaukar ɗaya in zai tafi. Muna godiya ga maƙwabtan da suka aiko da nasu tsofaffin bahuna, Allah Ya saka da alheri, amma a daina, Baba ya riga ya duba su.

Za a yi rakiyar marigayi ranar Litinin mai zuwa. Za a tashi daga gida ƙarfe bakwai da rabi na safe, ƙanena ya ɗauki hutun yini guda zai tura Baba a keken guragu, ni zan riƙe gawar a naɗe cikin tsohon zanen gado. Gidan tarihi sun karɓe shi a yadda yake, za a ajiye shi a gindin inji na uku, ta hagu. Malama ta tambaye ni abin da za a rubuta a katinsa game da tsagar, na ce a rubuta gaskiya, an wanke shi ne. Sunan Baba ma zai hau katin, na samu abin da na nema.

Bayan haka, ƙarfe takwas daidai, za a buɗe gilashi a ɗora ɗan uwan marigayi a gwiwar Baba. Ana roƙon masu halarta su kashe wayoyinsu. Kada a yi kuka, kada a yi tafi, mai tari ya tsaya daga bakin ƙofa, Goggo kuma ta yi alkawarin kama bakinta. Muryar Baba ba ta da ƙarfi, in ma za ta fito sau ɗaya za ta fito. Malama ta ce ita za ta durƙusa a hagunsa da safar hannunta, don in can ya nufa da shi kada ya taɓa ƙasa. Ni zan tsaya a dama, inda na saba.