Rasuwar Faifan da Ke Raba Ni da Léonce

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushi kuma, ni Firmin Vaysse na garin Aurillac a ƙasar Faransa nake sanar da rasuwar faifan garmahona, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar cin abincin rana.

Marigayin ya yi rayuwarsa yana ɗauke da kiɗan wata ƙungiyar makaɗa ta Paris, irin kiɗan nan da 'yan zamanin kakanninmu suka tsara suna kwaikwayon na fadar sarakunan dā, amma da tsokana a ciki. Goge zai taho a natse kamar dattijon kirki, sai algaita ta sa masa ƙafa. Yakan fara da "shhh, ƙas, ƙas", sannan kakaki ya ce "pam-param!" Bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa shiga siyasa ba.

Babban aikinsa shi ne zaman sulhu. Tun da ƙanena Léonce ya sare bishiyar tuffar da mahaifinmu ya shuka, ni da shi ba ma magana. Amma mun yi wa mahaifiyarmu alkawarin cin abincin Lahadi tare, kuma alkawari ba ya tashi. To, marigayin ne ke zama tsakaninmu. Yana juyawa, muna tauna. Idan Léonce ya buɗe baki, sai in ɗaga yatsa in nuna garmaho. Shekara da shekaru, ko "miƙo gishiri" ba mu buƙata ba.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Na ciro shi zan juya ɗaya fuskar, na ajiye shi a tebur don in goge allura. Sai ga Ghislaine matar Léonce daga kicin da kaskon dankali da cuku, yana tafarfasa, tana ihu: "Ku kauce, hannuna zai ƙone!" Ta ga abu baƙi, zagayayye, ta ɗora. Ko a jikinta. "Haba Yaya Firmin, ai da ma don wannan aka yi shi!" Da aka ɗaga kaskon, marigayin ya lanƙwashe kamar hular limamin coci.

Ya rasu ya bar garmaho, wadda yanzu take takaba, da allura ɗaya, da kwalin rigarsa mai tabon giya. Ya kuma bar tsofaffi biyu marayu, suna kallon juna.

Za a yi jana'iza Lahadi mai zuwa a lambun da ke bayan gidanmu, gefen kututturen tuffar, kafin a zauna cin abinci. Ba a buƙatar furanni. An roƙi Ghislaine ta kawo abinci mai sanyi. Léonce ya aiko cewa shi zai haƙa kabarin, kuma wai yana da magana da ni bayan an rufe.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Duk wanda ya san yadda ake amsa wa ƙane, don Allah ya zo da wuri.