Rasuwar Zinariya, Akwatin Gefen Babur ɗin Yaya Zailani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake rubuta wannan sanarwa. Ina fara neman afuwar duk wanda ya karanta. Ban taɓa rubuta abin da wani zai gani ba in ban da aikin aji, kuma 'yar gidan malamai ce ni, na san abin da ba shi da rai ba a yi masa ta'aziyya. To amma a gidanmu ba mai niyyar tayar da maganar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni Raliya, 'yar Malam Badamasi na Islamiyyar Lakwaya, a madadin yayana Zailani mai gyaran babura, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Zinariya, akwatin faiba, mai taya da wurin zaman mutum ɗaya, da ke ɗaure a gefen babur ɗinsa. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a hanyar Gude, bayan jinyar da aka ɓoye.

An haifi marigayiya a shekarar da aka hana mata hawa acaɓa. Kuɗin mota ya fi ƙarfin gidanmu, makarantar 'yan mata kuwa tana Gwarzo. Yaya ya ce shi zai riƙa kai ni, tunda muharramina ne. Baba ya ce, "Wanda ya hango ku daga nesa, a goshinka zai karanta ƙanwarka ce? 'Yata ba za ta zauna a bayan namiji a titi ba, ko da kai ne." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "To in a gefe ne fa, Baba?" Baba ya yi dariya, yana zaton wasa ne, ya ce in a gefe ne ya yarda. Baba kuwa ba ya magana biyu.

Yaya ya koyi aikin faiba a Kano, wurin masu liƙin tankin ruwa. Ya sa ni na zauna a ƙasa, ya zagaye ni da gawayi don ya san faɗina. A kan zanen ya gina siffar marigayiya da yumɓu kamar mai ginin tukunya. Da ta bushe ya shafe ta da man kaɗanyar Inna don kada faiba ta kama, sannan ya shimfiɗa zaren gilashi yana binsa da ruwan gam mai hawa ka, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har hannuwansa suka yi rudu-rudu don ƙaiƙayi. Tun tana ɗanya ya binne ƙarafa uku a jikinta, ya sa robar tsohuwar taya a tsakani, ya ɗaure ta da noti a jikin babur. Inna ta ce, "Igiya uku ke nan, aure ya ɗauru." Ita ta ɗinka mata labule. Ragowar fenti ruwan gwal ce ta jawo mata suna.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da riƙon amana. Yara sun kira ta ƙwarya, sun kira ta kwale-kwale, ba ta taɓa tankawa ba. A kan kwalta takan ce "wuuu", a burji kuwa "gwaram, gwaram", ba ta wuce nan. 'Yan Hisba sun taɓa tsayar da ita, suka zagaye ta, ba su ga laifi ba, har ɗayansu ya tambayi Yaya ko zai yi wa maiɗakinsa irinta. Ni dai a cikinta na yi yawancin karatun da na sani, don a bayan labulen nan ba mai ƙwala mini kira in zo in yi wanke-wanke.

Ciwon ajali ya fara da damina. Ta riƙa cewa "ƙas, ƙas" daga wajen ƙarfen gaba. Yaya ya duba ya ga tsaga siririya kamar gashi. Gam ya yi tsadar da sai dai a ji labarinsa, sai ya lallaɓa wurin da ƙyallen buhu da ɗan abin da ya rage a gindin gwangwani. Ya ce mini, "Ke kaɗai take iya ɗauka yanzu. Ko littattafan nan ki rage." Na rage. Ƙamus ɗina ya koma zaman gida. Ba mu faɗa wa Baba ba.

Ranar Asabar Gwaggo Altine, yayar Baba, ta biyo ta gidanmu za ta suna a Gude. Allah ya yi wa Gwaggo jiki, masha Allah. Tana ganin Zinariya ta ce, "Kai Zailani, ashe gata ka yi wa mata ban da labari? Juyo da ƙwaryar nan ka kai ni." Yaya ya dube ni, na dubi ƙasa. Wa zai buɗe baki ya ce wa matar da ta goyi Baba ta yi nauyi? Abin da Yaya ya iya cewa shi ne, "Gwaggo, hanyar fa ba kyau." Ta ce, "Hanyar da na bi da ƙafa tun ubanka yana tsumma?" Ta shiga, aka miƙa mata fantekar waina. Zinariya ta ce "ƙiiii". Ni na sauke mata labule da hannuna.

Yaya ya ce a wani kwalbati dab da Gude ta yi kalmarta ta ƙarshe, "ɓaras". Babur ya miƙe, ita ta karkata cikin gonar gyaɗa. Gwaggo ko ƙwarzane ba ta yi ba, alhamdu lillahi, ta ƙarasa da ƙafa tana cewa kayan zamani ba albarka. Ba laifinta ba ne. Ba wanda ya faɗa mata.

Ta rasu ta bar mijinta, wato babur, yana jingine a bango da ƙarafa uku a haƙarƙarinsa, da taya ɗaya, da labule, da Yaya, wanda ya ce ko yumɓun siffarta ruwa ya cinye tuni, da ni, 'yar ajin ƙarshe mai jarrabawa a gaba. Baba ya ce, "Allah ya mayar da alheri," bai ƙara ba. Maganarsa ta farko, cewa ba zan zauna a bayan babur ba, tana nan.

Gawa tana bayan shagon Yaya, kazar Inna har ta fara ƙwai a ciki. Ba salla, ba sadakar uku. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shago bayan la'asar. Mai niyyar kawo goro ya bar shi; in akwai mai ragowar gam ko guntun zaren gilashi, daga Gwarzo har Kabo, shi ne sadakar da za ta isa.

Ranar Litinin ake komawa makaranta. Na goge kayana na rataye, ban san dalili ba. Zan liƙa takardar nan a ƙofar shago, ta nan Baba yake bi in ya taso daga masallaci. Na ji sun sallame. Bari in wuce kafin a fito.