Ranar da Muka Yi Zanga-zanga da Raɗa

Yau da safe, zauren karatu cike da ɗalibai, ni Ofosu, magidanci da furfurata, na faɗi ƙasa wanwar. Ba jiri ba ne, ba kuma santsi ba. Kujerata ce ta gudu ta bar ni. In ka ce kujera ba ta gudu, to ba ka ga irin wadda hukumar jami'armu ta saya mana ba. Wata ƙatuwar ƙwallon roba ce shuɗiya, wai zama a kanta yana gyara ƙashin baya. Na miƙa hannu zan buga wa wata ɗaliba hatimi a littafi, ƙwallo ta yi gabas, ni na yi yamma. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko wayyo ban iya cewa da ƙarfi ba, don a laburare nake aiki. Na faɗi a hankali, na tashi a hankali, har na ba ɗaliban haƙuri saboda ƙarar da ƙuguna ya yi.

Bari in gaya muku yadda aka yi muka koma zama a kan ƙwallo, kada ku ɗauka mu muka zaɓa.

Laburarenmu bene ne mai hawa huɗu, kuma yana da lif. Ina nufin yana da ƙofar lif, don shi lif ɗin tun ina da gashi a tsakiyar kai ya mutu. Tun daga lokacin, duk littafin da aka dawo da shi a ƙasa, a kafaɗar mutum yake komawa sama. Hawa na ƙarshe kuwa can ne ake ajiye tsofaffin jaridu da mujallu da aka ɗinke wuri guda, kowane kundi ya kai nauyin bulo. Mai kula da wannan hawa shi ne Wofa Ampofo. Wofa a bakinmu kawu ne, kuma kowa haka yake kiransa, har waɗanda suka girme shi. Dogo ne, siriri, mai sanyin hali, wanda ko a coci in aka ce amin sai ka kalli leɓensa kafin ka san ya amsa. Saura masa shekara ɗaya da 'yan kai ya yi ritaya, kuma burinsa ɗaya ne a duniya: ya koma gonar kokon da mahaifiyarsa ta bar masa a ƙauye, ya zagaya ta da ƙafarsa. Sai likita ya duba bayansa ya ce masa ko ya daina ɗaukar kaya a matakala, ko kuwa gonar nan daga kan keken guragu zai riƙa hango ta.

Muka kai kuka wurin Mai Girma Uban Taro, shugaban jami'armu, wanda yake zaune a can ginin mulki, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Abin da muka roƙa bai taka kara ya karya ba, a gyara lif kawai. Mai Girma, da yake mutum ne mai tausayi, bai tsaya a kan ƙaramin abu irin lif ba. Ya ce matsalarmu ta fi haka zurfi, ya kafa kwamiti. Kwamiti ya tattara ya tafi wani otal a bakin teku don ya nazarci wahalarmu cikin natsuwa. Na ga hotunan. Wallahi sun sha fama, wani ma har rana ta ƙona masa hanci.

Suka dawo mana da abin da suka kira Makon Walwalar Ma'aikata. Aka raba mana riguna koraye masu rubutu a ƙirji, wai "Ina Cikin Farin Ciki". Aka kwashe kujerunmu aka kawo ƙwallaye. Aka ɗauko wata ƙwararriya daga Akara, babban birninmu, mai takalmi mai tsini da murya kamar ta masu tallan sabulu a rediyo, ta tara mu ta kunna majigi. Ta ce kuskurenmu shi ne muna auna nasara da ƙarin girma da kayan aiki, alhali duniya ta wuce nan. Nasara a zamanin yau, in ji ta, ita ce mutum ya sami kwanciyar hankali a inda yake. Na ga alama wannan magana ta yi wa manyan da ke layin gaba daɗi ƙwarai, don har da tafi. Sannan ta sa muka rufe ido muna jan numfashi muna saki. Wofa Ampofo ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambaya ko numfashin zai iya kai kundi hawa na huɗu. Ta ce wannan tambaya ce mai kyau, za a zo kanta. Har ta hau mota ba a zo kanta ba.

Washegari muka tarar an manna ƙatuwar takarda a jikin ƙofar lif ɗin da ya mutu, da hoton wani mutum yana murmushi: "Bi Ta Matakala Don Lafiyar Zuciyarka". Ni dai a rayuwata ban taɓa ganin basira irin wannan ba. An yi maganin matsala ba tare da an taɓa ta ba.

Da na koma gida na ba maƙwabciyata Maame Dufie labari. Ita ce mai sayar da dokunu, wato tuwon ƙullun masara mai tsami, da soyayyen kifi a bakin layinmu, kuma in tana ciniki ana jin ta daga tashar trotro, motocin hayarmu. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta dube ni sama da ƙasa.

"Bra Ofosu, ku dai kun cika ban tausayi. Mu da aka rufe mana famfon kasuwa, fita muka yi da tukwane da murafe, kafin azahar ruwa ya dawo. Manya ba sa jin magana, ƙara suke ji. Ku je ƙofarsa ku yi masa ihu."

Na ce mata mu ma'aikatan ilimi ne, akwai tsari. Ta ce to tsarin ya goya Wofa ya kai shi gona.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na kai ta wurin abokan aiki, muka yi shawara a bayan kantocin littattafai, muka yanke cewa ranar Juma'a za mu yi zanga-zangar da jami'ar nan ba ta taɓa ganin irinta ba. Wannan kam mun cika alkawari.

Matsala ta fara tun daga kwalaye. Mutanen da suka shekara suna rubuta 'yar lamba a gadon bayan littafi ba su iya babban rubutu ba. Kwalayenmu sun fito tsaf, layi a miƙe, babu kuskure ko ɗaya, amma sai ka matso har ka kusa sumbatar kwalin kafin ka karanta. Sai wani ya ce ya kamata mu fita da kaya iri ɗaya don a ga haɗin kanmu, kuma kaya iri ɗaya da muke da su a duniya su ne korayen rigunan nan. Babu wanda ya tsaya ya karanta ƙirjinsa. Da za mu fita, kowa ya kashe ƙarar wayarsa ba tare da an ce ya kashe ba. Muka jeru bibbiyu muka ratsa harabar jami'a, muna taka ƙasa kamar masu tsoron tada jariri. Mun rera waƙar gwagwarmaya, amma ni da nake tsakiyar layi ban ji ta ba. Wata akuya da take kwance a kan hanya ko kunne ba ta kaɗa ba, mu muka zagaye ta.

Muka isa ginin mulki muka tarar da allo a bakin ƙofa: "Ana Taro, A Yi Shiru". Jama'a, ku fahimce mu. Irin wannan allo mu muke rataya shi, mu muke kare mutuncinsa, da shi muke ci da iyali. Muka yi cirko-cirko a gabansa.

Wofa Ampofo ne ya yi ta maza, tunda bayansa ake magana. Ya karɓi lasifikar da muka aro a wurin wani mai wa'azin tasha, ya gyara tsayuwa, ya kai ta baki. "Ranka ya daɗe," ya ce, sai muryar ta fito da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga kan rufi, "mun zo ne a kan maganar..."

A nan ne Anti Sarpomaa ta shigo cikin tarihi. Ita ce mai tsaron zauren karatu, macen da in ta ɗaga gira ɗalibi yakan haɗiye tarinsa. Ba da niyya ta yi ba, na rantse. Jikinta ne kawai ya yi abin da ya saba. Ta juya, ta ɗora yatsa a leɓe, ta ce, "Shhh."

Wofa ya sauke lasifika nan take ya ce, "Yi haƙuri, Anti." Mu ma duk muka sunkuyar da kai, kowa yana jin kunyar hayaniyar da aka yi. Sai da aka ɗan jima Anti Sarpomaa ta gane abin da ta aikata, ta kama baki, amma lokacin ƙofa ta riga ta buɗe.

Mai Girma Uban Taro ya fito yana goge maiƙon shinkafar taro daga bakinsa. Ya ga mutane a jere cikin ladabi, kai a sunkuye, kowa ƙirjinsa yana shelar farin ciki, ga 'yan kwalaye da ba a iya karantawa daga nesa. Fuskarsa ta washe. Ya ce shekarunsa a mulki bai taɓa ganin ma'aikata sun tako musamman don yin godiya ba. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa, ya kira mai hoto. Na buɗe baki zan yi bayani, amma mutum yana magana, kuma mu ba a koya mana katse mai magana ba. Hoton yana nan a mujallar jami'a, ga Wofa a gefen Mai Girma, lasifika a ɓoye a bayansa.

Daɗin da Mai Girma ya ji ya sa ya ce sai ya saka mana. Ya ba da umarni a buɗe mana Ɗakin Kwanciyar Hankali, da labule da tabarmin motsa jiki da furen roba, kuma shi da kansa zai zo ya yanka ƙyalle. Da aka duba inda ya fi iska da shiru, sai aka zaɓi hawa na huɗu. Ɗakin kuwa cike yake da kundayen jaridu, dole a sauko da su kafin ranar biki. Kun san mai kula da su.

Mun taya shi, kada ku ce ba mu taya ba. Amma kowa yana da teburinsa da ɗalibansa, shi kuma Wofa ba ya iya zama yana kallon wani yana riƙe masa kundi a karkace. Ana gab da gamawa, a kan matakalar hawa na biyu, bayansa ya amsa. Bai yi ihu ba. Wata mai shara ce ta same shi zaune, ya rungume kundin a ƙirji don kada ya faɗi ya yage, gumi yana zuba. A kan ƙyauren wata tsohuwar ƙofa muka sauko da shi.

Ana saura kwana kaɗan biki, sai wani a ginin mulki ya tuna cewa Mai Girma yana da ciwon gwiwa. Ranar nan muka ga abin al'ajabi. Injiniyoyi suka dira da mota, suka ɓalle takardar matakala, kafin a tashi aiki lif yana hawa yana sauka har da ɗan kiɗa a ciki. Ashe wata 'yar waya ce ta ƙone. A jawabinsa na buɗe ɗaki, Mai Girma ya ce shirin walwala ya fara haifar da ɗa mai ido, don yana da labarin wani dattijon ma'aikaci ya riga ya fara samun cikakken hutu a gida. Aka yi tafi. Da ya sauka, sakatarensa ya kulle lif ya tafi da makulli, wai kada yawan amfani ya lalata kayan gwamnati.

Da yammacin yau, da ƙuguna mai tsami, na hau trotro na je duba Wofa. Na same shi kwance a ƙasa a kan tabarma, don likita ya hana shi katifa, matarsa tana shafa masa man zafi. An ce sai an yi masa tiyata, kuma ko an yi, ba a yi alkawarin komai ba. Na ba shi labarin lif da kiɗansa da makullinsa, ya yi dariya har ciwo ya tsayar da shi. Sannan ya ce ɗan ƙanwarsa ya aiko cewa koko ya nuna sosai bana.

"Bra Ofosu, in ka sami hutu ka je ka zagaya mini ita. Ka bi ta gefen rafi, nan ne itatuwan suka fi kyau. Ka dawo ka gaya mini."

Na ce masa da ƙafarsa zai je. Ya ce to. Daga ni har shi babu wanda ya kalli wani. Na fito raina a ɓace, ina jin haushin Mai Girma, ina jin haushin kwamiti, amma wanda ya fi ci na shi ne na kanmu.

Ni dai shawarata gare ku ba ta da yawa. Duk ranar da kuka ji an ce manya sun kafa kwamitin kula da lafiyarku, ku yi maza ku je asibiti a duba ku, tun kuna iya zuwa da ƙafarku.