Hoton Kwandon Cefanena

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi takakkiya daga Gwandu har Kalgo don in kama ɓarauniya ba. Sana'ata cefane ce ta waya. Mutum ya biya na wata guda, ni kuma duk Juma'a in haɗa masa kwando: tumatir, tattasai, albasa, man gyaɗa, busasshen kifi, in ba direba ya kai masa har ƙofar gida. Yawancin kwastomomina ma'aikata ne da ba su da lokacin shiga kasuwa. Ina da shafi a intanet, kuma hoto ɗaya ne fuskar shafin shekara biyu cur: kwando cike da kaya a kan tabarma mai ratsin kore, ga hannun mace da lalle da zoben azurfa yana riƙe da bakin kwandon.

Wata Laraba Malama Rabi, wata malamar makaranta a Kalgo da ke cikin kwastomomina na farko, ta turo mini saƙo: “Kin buɗe reshe a garinmu ne?” Ta haɗo da tallar wata mai suna Inna Hauwa. Ina dubawa na ga hotona, ko ganyen alayyafo ɗaya ba a canza ba. A watan nan kuwa mutum biyu a Kalgo sun daina karɓar kwandona. Nan take na haɗa lissafi, raina ya yi mummunan ɓaci.

Na shiga guruf ɗin kwastomomina, na rubuta dogon jawabi a kan masu cin gumin wasu. Na kawo batun amana, na kawo tsoron Allah, har na kira Inna Hauwa ɓarauniyar hoto (na goge kalmar sau biyu, na sake mayar da ita, don a ganina ita ce gishirin zancen). Maigidana ya karanta, ya ce, “Da kin kira ta kin ji ta bakinta tukuna.” Na ce masa ai wanda bai san wahalar tashi da asuba ya tari manoman Maruda kafin dillalai su riga shi ba, shi ne zai ce a yi haƙuri. Sai kawai ya ba ni kuɗin mota.

Ranar Asabar na sa mayafina mafi tsada, saboda ina so ta san da wa take yi. Malama Rabi ta tare ni a tasha, ta raka ni gidan. Muka tarar da mata wajen shida a tsakar gida suna tsince tattasai. Inna Hauwa dattijuwa ce, sa'ar mahaifiyata, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno. Na gaishe ta a tsaitsaye, na miƙa mata wayata.

“Inna, wannan hoton nawa ne. Shekara biyu ina talla da shi. Bai kamata babba kamarki ta ɗauki abin mutane ba izini ba.”

Matan suka daina tsinta. Inna Hauwa ta riƙe wayar nesa da idonta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Ɗiyata, mi an nan ga babban yatsa?”

Na ce, “Tabo ne.”

“Nuna mini naki hannun.”

Na miƙa. Ba tabo, ba zobe. Ta ɗora nata kusa da wayar. Ga tabon, ga zoben azurfar, har ya lotsa a wuri ɗaya da na hoton. Wata daga cikin matan ta ce, “Baiwar Allah, ai tabarmar ce ma kike tsaye a kai, da takalmi.” Na sunkuyar da kai, na ga ratsin kore.

“Ɗiyata ta fari ta ɗauke shi, shekarar da muka fara kawo kaya daga gonarmu ta Diggi,” in ji Inna Hauwa. “Na daɗe da ganin shi ga shafinki. Na ce a bar ki, yarinya ce mai neman na kanta.”

A lokacin ne abin ya dawo mini. Satin da na buɗe shafi ba ni da ko kwandon kirki, sai na ga hoton a wayar wata ƙawata, na ɗauka da niyyar in canza idan na samu nawa. Ban canza ba. A hankali na manta, har na riƙa amsa yabo a kan lallen (wata ta taɓa tambayata wa ya yi mini, na ce wata 'yar unguwarmu ce).

Na cire takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwar da ya kamata in yi tun farko. Malama Rabi ta juya baya, kafaɗunta na rawa saboda dariya. Inna Hauwa ta sa aka dama mini fura, ta ce in zauna. Tana kallona na rubuta gyara a guruf, na faɗi wace ce ɓarauniyar ta gaskiya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, jawabina na fushi mutum uku ne suka tanka masa, amma gyaran sai da kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Mutum biyun da suka bar ni ma, ashe an yi musu canjin wurin aiki ne.

Yanzu daga wurin Inna Hauwa nake sayen tattasai, kuma nata ya fi wanda nake samu a da. Har yau in na kira ta, sai ta ce, “Mai hoto, ina kwana?” Na koyi cewa kafin mutum ya biya kuɗin mota ya je kama ɓarawo, gara ya fara caje aljihunsa.